Turancin Jingina

Ranar wata Talata ce, da ƙarfe goma da rabi na safe. Mu biyar ne a ɗakin, a hawa na huɗu na wani dogon gini a unguwar Mount Hope, nan ƙasar waje: ni, da maigidana Malam a kan gadon asibitin da aka kawo mana gida, da babban ɗanmu, da wata nas da kamfanin masu jinya ya turo, sai kuma Ladi, wadda saboda ita aka taru. Nas ɗin ta zo ne ta gwada Turancin Ladi. In ta gamsu, Ladi za ta ci gaba da jinyar Malam. In ba ta gamsu ba, ranar Litinin wata ce daban za ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Kafin in faɗi yadda aka tashi sai na koma baya, da farko mako uku, daga nan kuma shekara sittin da 'yan kai.

Ladi ba Bahaushiya ba ce. 'Yar Jamhuriyar Dominika ce, Sifaniyanci take ji, gajeruwa ce mai ƙarfin damtse, ta ɗan haura hamsin. Sunanta na gaskiya Altagracia. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Malam harshensa ya yi nauyi, ba ya iya ɗaukar suna mai tsawo haka. Da yake tsohon hedimasta ne, bai saba kiran mutum da "ke" kawai ba, sai ya sa na tambaye ta ranar da aka haife ta. Ba ta sani ba. Nan take ta buga wa mahaifiyarta waya can ƙasarsu, aka yi ta hayaniya da dariya, tsohuwar ta ce ranar Lahadi ce, don har yau ba ta manta ba naƙuda ce ta hana ta zuwa coci. Malam ya ce, "To, Ladi ce." Ita kuma ta riƙa ce masa Baba, ni ta ce mini Mami.

Kafin ita an kawo mana mata biyu. Ba su yi laifin komai ba, Turancinsu kuma garau, amma Malam ya ƙi cin abinci a hannunsu. Duk cokali biyu sai ya sarƙe, ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa, daga baya ma da ya hango kofi sai ya kau da kai. Ya rame har agogonsa yana sauka daga wuyan hannu. Ranar da Ladi ta fara aiki ta dube shi, ta zura hannu ta bayansa, ta ɗan ɗago nan, ta ɗan sauke can, ta tura matashi da gwiwarta, ta jira. A ranar ya shanye kunu kofi guda. Kuskure ɗaya na san ta yi a makon farko, shi ne na dardumar sallata. A gidanmu alƙibla ba ta bin bango, sai an karkata darduma ta fuskanci kusurwa. Duk lokacin da na bar ta a shimfiɗe, sai in dawo in tarar Ladi ta daidaita ta sambal da bango, don a ganinta zamewa ta yi. Malam ya ce mini, "Hajiya, yarinyar nan so take ki riƙa fuskantar Kanada." Da na nuna mata da hannu ta gane, daga ranar ita ce mai juya kujerar Malam zuwa kusurwa in lokacin salla ya yi.

Abin ya faru ne wata ranar da na sauka shagon 'yan Nijar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, in sayo garin gero da tsamiya. Ina can kunu ya sarƙe Malam. Ladi ta yi abin da ya kamata, ta ranƙwafar da shi gaba, ta share masa baki, numfashi ya dawo. Sannan ta buga lambar da aka ce ta buga in irin haka ta faru. Mai amsa wayar ta tambaye ta yadda yake kwance lokacin da ya sarƙe, da yadda yake a yanzu. Ladi ta san amsar, amma ba da Turanci ba. Ta yi ta maimaita kalma ɗaya ta harshensu, "inclinado", wato a karkace. Ita kuwa waccan ba ta san ko gaba ya karkata ko baya ko gefe ba, ba ta san ko faɗowa ya yi daga gado ba, sai ta turo motar asibiti. Na dawo na tarar da ƙarti uku a falo, Malam kuma yana tambayar ina sauran kununsa. Suka duba shi suka tafi. Amma an rubuta a takarda cewa mai jinyar ta kasa bayani.

Babban ɗanmu a filin jirgin sama na JFK yake aiki. Ba na kiran sunansa, mahaifinsa kuma Injiniya yake ce masa. Ya zo da yamma da takardar a hannu, ya zauna a bakin kujera bai cire rigar aiki ba.

"Umma, ba wai ba ta da kirki ba ne," ya ce. "Amma in wani abu ya sake faruwa ba kya nan fa?"

Na ce, "Hannunta ya san aikin."

Ya ce, "Waya ba ta ganin hannu, Umma."

Gaskiya ya faɗa. Abin da na iya samu shi ne alfarma: kamfanin ya yarda a jinkirta mako uku, sannan nas ta zo ta gwada ta.

Shekara talatin na yi ina karanta labaran Hausa a rediyo kafin in ajiye aiki mu biyo 'ya'ya nan ƙasar. A ɗakin labarai mun taɓa shafe rabin sa'a muna gardama ko wata motar kaya karkata ta yi ko jirkicewa, don mai sauraro ba ya ganin motar, abin da ka faɗa masa shi ne abin da ya gani. Saboda haka na ɗauka wannan aikin nawa ne. Na samo takarda na ja layi biyu, na rubuta Turanci a gefe, Sifaniyancin da na samo a waya a tsakiya, zane a ƙarshe. Kalmomi ashirin. Kullum bayan an ba Malam abincin rana sai in zauna in karanta su ɗaya bayan ɗaya, dalla-dalla, Ladi tana maimaitawa. Tana iya jero su tsaf. Amma da zarar na nuna tsintsiyar da ke jingine da bango na ce, "Wannan fa?" sai ta dubi takarda, ta dube ni, ta faɗi wata daban. A rana ta huɗu ta ajiye biro, ta goge ido da bayan hannu, ta ce da guntun Turancinta, "Mami, kaina ya tsufa." Malam yana kallonmu daga gado. Ya ɗaga yatsu uku na hannunsa mai lafiya.

"Uku bisa goma," ya ce. "Na malamar ne, ba na ɗalibar ba."

Ladi ba ta ji me ya ce ba, ta tashi ta je ta gyara shi don ya zame. Na ga ta zura hannu ta bayansa kamar kullum, ta tsaya cik, ta kau da fuska gefe, kamar mai sauraron wani abu da hannunta. Rabon da in ga wannan tsayuwar tun ina 'yar shekara goma sha biyu.

A gidan da na tashi, kusan ba abin da ke tsaye sambal, kuma kowace karkata da dalilinta. Dutsen niƙa a kishingiɗe aka girke shi, don gari ya gangara da kansa cikin faifai. Rufin soro yana da gangara ta wajen indararo, in ruwan sama ya kece sai ka ji shi yana zuba a wuri ɗaya, mu yara mu ruga mu tara kai. Tsani yana jingine da rumbu, an san iya tazarar da za a ba gindinsa. In ana sheƙa, mace takan tsaya ta juya wa iska gefe, ta karkata ƙwarya kaɗan kaɗan, tsaba ta zubo a ƙafarta, ƙaiƙayi ya tafi abinsa. Tulu ba a kifa shi, gicciya shi ake yi a kan cinya har ruwa ya zo bakin moɗa. Da asuba abin da ke tashe ni ba agogo ba ne, ƙarar guga ce tana gogar bakin rijiya, sai luguden maƙwabta, sai zabbi a bayan danga. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga sunan wannan, ga sunan wancan. In ka karkata fiye da kima, gari ya zube ƙasa, a daka maka tsawa, kalmar ta shige ka tare da tsawar. Karkata, jingina, kishingiɗa, ranƙwafa, sunkuya, jirkice, gicciye, duk haka muka same su, kowace da aikinta a hannu.

Nan kuwa komai a miƙe yake. Bango a miƙe, taga a miƙe, firji a miƙe. Gari a leda yake zuwa, an niƙa an tankaɗe. Ruwan sama yana sauka ta cikin bututun da ba ka gani. Jikokina suna jin Hausa, su amsa da Turanci, kuma ban ga laifinsu ba in ba su san bambancin kishingiɗa da kwanciya ba, tun da ba su taɓa ganin tsoho ya ɗora gwiwar hannu a kan buzu yana sauraron rediyo bayan la'asar ba. Gadon Malam ma da maɓalli yake aiki. Ka danna ya ɗaga, ka danna ya sauka, yana gurnani a hankali. Gado ne mai kyau, na gode wa Allah da shi. Sai dai ba ya jin numfashin wanda ke kansa.

A damunar shekarar da nake goma sha biyun, kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, ta kwanta ciwon ƙirji. In aka kwantar da ita a miƙe numfashi ya ƙi, in aka zaunar da ita sosai ta gaji. Ba mu da gado mai maɓalli, matashin ma ɗaya ne a ɗakin. Abin da ake yi a garinmu shi ne a jingina majinyaci da mutum. Mace ta zauna ta ba bango baya, ta buɗe ƙafafu, a kawo mai ciwon a zaunar a gabanta, bayansa a ƙirjinta, kansa a ƙarƙashin haɓarta. Matan gida ke karɓa-karɓa. Wata ta yi daga hantsi zuwa azahar, wata ta karɓa. Wadda ke zaune ba ta barci, ba ta hira mai ƙarfi, in za ta yi atishawa sai ta danne. Ƙanwar mahaifina, Goggo, ita ce mai rabon aikin, ita ce kuma mai ba da kunu.

Ranar da aka yi gayya a gonar mahaifina, matan gida duka suna wajen tukwane. Goggo ta leƙo ta ga ni kaɗai ce ba na komai, ta ce, "Zo nan, ƙafafunki sun isa." Na zauna, aka ɗora mini Inna. Ban zaci tana da nauyi haka ba, kuma ban zaci bayanta yana da zafi haka ba. Ina jin ƙamshin man shanun da ke kanta, ina jin numfashinta yana shiga yana fita kamar ana jan zana a ƙasa. Goggo ta ce, "Ba riƙe ta za ki yi ba. Ki zauna kawai yadda na ajiye ki." Ta fara ba ta kunu da ludayi. Can ƙafata ta hagu ta mutu. Na daure, na daure, sai na ce bari in ɗan zame ƙasa kaɗan, ba wanda zai sani. Na zame, Inna ta biyo ni baya, kanta ya ɗaga sama daidai lokacin da kunu ke bakinta. Ta sarƙe. Har yau ina jin yadda haƙarƙarinta ya riƙa bugun ƙirjina. Goggo ta yar da ludayi ta ranƙwafo da ita gaba, tana shafa bayanta tana kiran sunan Allah, sannan ta tsaya cik ta kau da fuska gefe tana saurare, har numfashi ya dawo.

Na san duka zan sha, amma Goggo ba ta taɓa ni ba. Da yamma, bayan 'yan gayya sun watse, ta kira ni bayan rumbu da moɗar ruwa a hannunta. Ta zauna ta jingina da rumbun, ta ce in zauna a gabanta yadda Inna ta zauna a gabana. Ta zame ƙasa da ni har ina kallon sama, ta ce, "Wannan kwanciya ce. Sha." Na kurɓa, ruwa ya bi ta hanci, na yi ta tari. Ta ɗago ni kaɗan, ta ce, "Wannan kishingiɗa ce, ta hutu ce, ba ta ci ba. Sha." Na sha da ƙyar. Ta ƙara ɗago ni, ta sa yatsa ta sunkuyar da haɓata, ta ce, "Wannan ce jingina. Sha." Ruwa ya wuce sumul. Ta sake ni na langaɓe gefe guda, ta ce, "Wannan kuma in kin ga ta yi shi, ki kira ni." Washegari ta sake ɗora mini Inna, na yi ta yi har ƙarshen damuna, lokacin da Allah ya karɓi abarsa a ƙirjin Goggo.

Na ninke takardata mai kalmomi ashirin na sa a aljihun tebur. Na zauna a kan kafet ɗin falo na ba bango baya, na buɗe ƙafafu, na kira Ladi na nuna mata gabana. Ta yi dariya, ta ce, "Mami, zan karya ki." Na ce ta zauna. Na ɗauko kofin ruwa. Na zame da ita har tana kallon silin, na ce, "Flat." Ta kurɓa ta yi tari, ta zagi wani abu da harshensu. Na ɗago ta kaɗan, na ce, "Leaning back." Na ƙara ɗagowa na tokare ta da ƙirjina, na ce, "Propped up." Na tura ta gaba, "Leaning forward." Na karkata kanta kaɗai, "Tilted." Na sake ta ta langaɓe a kafaɗata ta hagu, "Slumped." Shida kawai. Sauran goma sha huɗun na bar su, don ba su ne za a tambaye ta a waya ba. Muka yi ta yi, in juya ta in faɗa, daga baya in juya ta ita ta faɗa. Sannan muka yi musanya, ni a gaba ita a baya. Ta riƙa gaya mini nasu, ashe su ma suna da su da yawa, tsoro ne ya bar mata guda ɗaya a baki ranar nan. Malam yana leƙenmu ta ƙofa, ya ce, "Mata biyu, tsofaffi, suna kokawa a falo. Shida bisa goma."

A mako na biyu ta ƙware a jikinta da nawa. Saura na Malam, don shi za a tambaye ta. Wata rana da hantsi ta sauke kan gadon ya miƙe, ta ɗago shi ta riƙe, ta dube ni ta nuna bayansa da haɓa.

"Mami, shiga."

Na ce, "A'a. Ga matashi nan."

"Matashi ba ya magana. Ke ki juya shi, ni in faɗa."

Ban san yadda zan yi mata bayani ba. Shekara arba'in da bakwai muna tare da Malam, ban taɓa ko riƙe hannunsa a gaban wani ba, ko a gaban 'ya'yan da na haifa. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka tashi. Ita kuwa Ladi a ƙasarsu miji da mata rawa suke yi a bakin titi. Ta tsaya tana kallona, Malam yana rataye a hannunta.

"Hajiya," ya ce, "ki zo mana. Aikin makaranta ne."

Na cire takalmi na hau. Ladi ta sauke mini shi a ƙirji. Na shirya wa nauyi irin na Inna, sai na ji bai kai ba. Mutumin da ya taɓa ɗaukar buhun masara shi kaɗai daga bakin ƙofa zuwa ɗaki, ga shi ina ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Kansa yana ƙarƙashin haɓata, furfurarsa tana sosa mini wuya. Na ɗan zame baya. Ladi ta faɗi kalmar daidai. Na ɗago. Ta faɗa daidai. Malam ya lalubo hannuna da hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan cikinsa, ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Wannan gadon ya fi na kamfani." Daga ranar, kullum da hantsi haka muke darasi.

To, mu koma ranar Talata. Nas ɗin dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan murmushi amma ba ta da wulaƙanci. Ba ta fito da takardar jarrabawa ba. Ta ce ita za ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta kira wayar Ladi, ɗanmu zai riƙa juya mahaifinsa, Ladi ta faɗa mata abin da take gani. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke kuma, ranki ya daɗe, ba magana." Na zauna a kujera na harɗe hannu.

Waya ta yi ƙara. Ladi ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Injiniya ya danna maɓalli, gado ya miƙe. Nas ta tambaya, Ladi ta amsa daidai, har ta ƙara da cewa ba a ba shi komai a haka. Ya ɗaga gado ya sa matashi biyu. Ta amsa daidai. Sai ya juya zai ɗauko na uku, ya saki kafaɗar mahaifinsa. Ɓarin Malam na hagu shi ne matacce, ba ya riƙe kansa. A hankali ya sulale ta can, kansa ya rataya, yawu ya taru a gefen bakinsa, numfashinsa ya fara wannan ƙara ta jan zana. Wannan ba ya cikin shiri.

"Yaya yake yanzu?" in ji nas daga kicin.

Ladi ta riga ta kai hannu ɗaya ta tare kansa. Na ga kalmar nan tasu ta ranar da aka turo motar asibiti ta zo mata har leɓe, ta haɗiye ta. Nas ta sake tambaya. Ɗana ya dube ni, na dubi ƙasa. Sai na ga Ladi ta rufe ido, ta saki kafaɗarta ta hagu, ta langaɓe kaɗan a tsaye, kamar ƙirjina na bayanta a kan kafet.

"Slumped," ta ce. "Slumped to the left."

"Me za ki yi?"

Ta jefa wayar kan bargo, ta zura hannu ta bayansa, tana yi tana faɗa da ƙarfi, kalma ɗaya bayan ɗaya: ta ranƙwafar da shi gaba, ta share baki, ta tokare shi da matashi, ta sunkuyar da haɓa. Sannan ta tsaya cik ta kau da fuska tana saurare. Ƙarar ta ɗauke. Ta ce wa wayar, "Yana numfashi lafiya."

Nas ta fito daga kicin ta duba Malam da kanta, ta daɗe tana rubutu a tsaye. Ta tambayi Ladi a wace makaranta ta yi darasi. Ladi ta nuna kafet ɗin falo. Nas ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta rufe littafinta ta ce wa ɗana ba ta ga dalilin canji ba, in dai iyali ba su da wani ƙorafi. Ya ce babu.

Da ta fita, Malam ya ɗaga hannu ya buɗe yatsu biyar, ya rufe, ya buɗe huɗu.

"Tara," ya ce.

Ladi ta riga ta iya ƙirgan Hausa a bakinsa. Ta kama ƙugu ta ce, "Baba! Ɗaya fa?"

"Kunun yau ba tsamiya."

Na fassara mata, ta jefe shi da tawul, ta shige kicin tana faɗa da Sifaniyanci, muna jin ta tana kuka tana dariya tana buɗe tukunya. Ɗana bai tafi aiki nan da nan ba. Ya tsaya a bakin gado yana juya makullin mota a hannu. Can ya ce, da Hausa tsantsa ba gauraye, "Umma, abin nan da kuke yi da hantsi, ki nuna mini." Na ce ya cire takalmi.

Ladi ta ƙara wata goma sha huɗu tare da mu. Malam ya rasu wata ranar Alhamis bayan la'asar, yana jingine da Injiniya, ni ina riƙe da hannunsa, Ladi tana riƙe da kofi. Bayan kwana uku kamfanin ya aiko aka ɗauke gadon. Yanzu Ladi tana jinyar wata tsohuwa 'yar Gana a unguwar Morris Heights. Duk ranar Lahadi in ta taso daga coci takan biyo ta nan da wasu mata biyu 'yan ƙasarsu, masu irin aikinta, mu ture tebur gefe, mu zauna a kafet, a ɗauko kofin ruwa.